Kafin Ƙarfe Ya Yi Zafi

Da muka buɗe shagon Baba bayan rasuwarsa, a can ƙasan durowa na tarar da ƙarfen narka dalma mai aiki da lantarki, wanda na kawo masa tsaraba shekarar da na dawo daga karatu. Yana nan cikin kwalinsa. Ko ledar ba a ɓare ba.

Baba gyaran rediyo yake yi. Shagon ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin wani tela da mai sayar da katifu. Akwai dogon tebur da ya sha ƙuna, da kantoci cike da rediyoyin da masu su suka manta da su, da gwangwanayen madara da yake tara ƙananan kusoshi a ciki. A bakin ƙofa akwai murhun gawayi, inda yake gasa ƙarfensa. Kusa da murhun akwai benci.

Ranar da na miƙa masa tsarabar na ce, "Wannan ba ruwansa da gawayi, Baba. Kana jona shi ya yi zafi."

"Nan take?"

"Nan take."

Ya juya kwalin, ya duba hoton da ke jiki, ya sa mini albarka. Sannan ya ce, "To yaushe mutane za su yi magana?"

Ban gane ba sai da na zauna a shagon. Na dawo da takardar injiniya ana tsakiyar yaƙi, ba ma'aikatar da ke ɗaukar kowa sai ta soja. Don haka na wuni a gefen teburin Baba ina kankare waya, na ga yadda bencin yake tafiya.

Doka ɗaya ce. In Baba ya sa ƙarfe a wuta, wanda layi ya zo kansa shi ne mai magana, kuma ba mai katse shi. Ya faɗi abin da ya ga dama, a kan wanda ya ga dama. In ƙarfen ya yi, Baba zai ɗauko shi, ya kai kusa da kumatunsa ya ji hucin, ya ce, "Ya yi." Nan magana ta yanke, ko da a tsakiyar kalma ce. Kowa ya yi shiru har ya gama liƙa wayar, don hannu ba ya son hayaniya. In ƙarfen ya huce ya koma wuta, layi ya koma kan na gaba.

Baba ya ce ba don wata hikima ya kafa dokar ba. Wata rana ce aka yi ta musu a kansa har ya ƙone rediyon alƙali.

Mutane da yawa sun zauna a bencin, amma masu shi biyu ne. Akwai Saje, tsohon soja, wanda ya yi yaƙin farko tun ban san kaina ba, ya dawo da gwiwa mai ciwo da lambobi a cikin gwangwanin taba. Akwai Hedimasta, wanda ya yi ritaya daga makarantar unguwa, siriri, mai ciwon asma, wanda rabin mazan titin suka sha bulalarsa. Saje yana zama ta ɓangaren ƙofa, Hedimasta a hagunsa. Tun kafin yaƙin ba su taɓa yarda a kan komai ba, har a kan ko za a yi ruwa. Tela kuma yakan leƙo da allura a baki ya zuga duk wanda ya ga ya fara sanyi.

"Sun tsallako mana iyaka," in ji Saje, ƙarfe yana wuta. "Sun ƙone garuruwa. Me kake so mu yi, mu dafa musu shayi? Kai da ko kaza ba ka taɓa yankawa ba."

Hedimasta ba shi da ikon tanka. Sai ya cire hularsa, kamar zafi ya dame shi, ya shiga fifita, iskar tana tafiya kan murhu.

"Hedimasta, ajiye hular nan," in ji Baba, ko ɗago kai bai yi ba.

Shi ma Saje yana da tasa dabarar. In layinsa ya kusa, sai ya ce wutar ta yi ƙasa, ya zaɓo gawayi mafi girma ya danna a kai, yadda sai an jima kafin ta kama.

Sau ɗaya aka ba ni layi. Na yi bayani a kan yadda ƙasashen da na zauna suke sasanta rikicin iyaka, na kawo sunayen yarjejeniyoyi. Ina cikin yi Tela ya ce, "Injiniya, ƙarfen nan fa ya yi tun ɗazu. Kunya ce ta hana Babanka cirewa." Aka ci tarar Tela da sayen gawayi saboda ya katse ni, amma ban sake neman layi ba.

Yaƙin yana nesa da mu. Abin da muke gani shi ne manyan motoci rufe da tamfol suna wucewa, da batir da ya yi wuya, da samarin unguwa da suke raguwa. Sai gwamnati ta kafa dokar hana sanyaya gwiwar jama'a. Duk wanda ya faɗi maganar da za ta rage wa mutane ƙarfin zuciya a kan yaƙin, za a tsare shi har a gama. Abin da ake buƙata kawai shi ne mutum ɗaya da ya ji da kunnensa, ya tsaya gaban kwamiti ya faɗa.

A shagon aski aka daina hira. A motar haya mutane suka koma zancen tsadar man girki. Inna ta ce wa Baba ya shigar da bencin nan ciki kafin ya jawo mana.

"Ba ni nake magana ba," in ji Baba. "Ni ƙarfe nake gasawa."

Ranar da abin ya faru, da la'asar ce. Saje ya zo da fara'a, don an sake tura autansa bakin daga, an kuma ba shi igiya ɗaya. Ya yi layinsa duka a kan yaron. Baba ya liƙa wayarsa, ƙarfe ya koma wuta, layi ya zo kan Hedimasta. Akwai wani baƙo tsaye a bakin ƙofa da ƙaramar rediyo a hannu, yana jiran a duba masa.

"Ni na koya wa Auta riƙe fensir," in ji Hedimasta. "Da hagu ya fara, na mayar da shi dama. Ajinsu duk an kwashe. Ina ganin iyayensu mata a layin famfo, ba mai kallon idon wata. Kullum rediyo ta ce mun ci gari kaza. Mai Rediyo, kai ne shaida, garin nan sau nawa aka ci shi? Waɗanda suka kunna wutar nan 'ya'yansu suna can inda Injiniya ya baro, suna shan iska. Ƙarya ake mana, Saje. Ɗanka ba don ƙasa zai mutu ba. Don taurin kan wasu mutum biyu zai mutu, waɗanda gobe za su sha hannu a ɗauke su hoto."

Saje ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya miƙe da sauri haka ba. Baba ya nuna murhu da tsinken sukudireba. Saje ya dubi ƙarfen, ya koma ya zauna.

"Ya yi," in ji Baba.

Wannan ne aikin ƙarshe na ranar, gawayin ma ya cinye. Saje ya ɗauki sandarsa.

"Gobe layina ne," ya ce. "Ka zo da wuri. Kada ka ce asma ta tashi."

Da safe aka ɗauke Hedimasta daga gida, ko takalmi mai kyau bai sa ba. Baƙon bai dawo karɓar rediyonsa ba. Da Baba ya buɗe ta, lafiyarta ƙalau.

Wani sufeto ya zo shagon, mutum mai ladabi, ya gaishe da Baba har da rusunawa. Ya ce wanda ya kawo rahoton ma'aikacinsu ne, ba zai iya fitowa gaban kwamiti ba, don haka ana son shaida daga bencin. Baba ya ce shi in ƙarfe yana wuta hankalinsa yana cikin rediyo. Tela ya ce ƙarar kekensa ba ta barinsa ya ji ko kiran sallah. Ni na ce na je sayen waya.

Sufeto ya yi murmushi. "Ba komai, Baba. Ai akwai Saje. Soja ba ya ƙarya, kuma shi aka yi wa cin mutuncin."

Da ya je wurin Saje, abin da ya samu kawai shi ne, "Ranar zaman ku aiko."

Ni nake kai wa Hedimasta maganin shaƙa da abinci. Damina ce, ɗakin da aka sa shi bangonsa yana tsattsafo da ruwa. Duk zuwan da na yi sai na ga ya ƙara shiga cikin rigarsa. Numfashinsa yana fita da ƙara kamar rediyon da ta ɓace tasha.

"Ya bencin?" ya tambaye ni.

"Yana nan."

"Nan ba ƙarfe, Injiniya. Mu da yawa ne a ɗakin, duk magana ce ta kawo mu, amma ba mai cewa uffan. Na samu fili ba mai katse ni, ga shi ba numfashi."

Mai gadin ya raka ni ƙofa, ya ce a hankali, "Tsohon nan in ya kai ƙarshen damina a nan, ba da ƙafarsa zai fita ba."

A shago kuwa abin da ya faru ya fi ba ni mamaki. Saje ya daina zuwa. Mutane suna zama a bencin, Baba yana sa ƙarfe a wuta, amma ba mai magana. Na ɗauka tsoro ne. Rannan Tela ya gyara murya zai fara wani labari, Baba ya ce, "Layin Saje ne."

"Haba Mai Rediyo, mutumin da ba ya nan?"

"Bai yi ba, bai kuma bayar ba."

"To in ya shekara fa?"

"Sai ka yi magana bayan na ce ya yi."

"Ai lokacin an hana!"

"To ka gani," in ji Baba.

Ana saura kwanaki kwamiti ya zauna, wata ƙaramar motar soja ta tsaya a ƙofar gidan Saje da hantsi. Mutum biyu suka shiga, ba su jima ba suka fito. Ba a kawo gawa ba. An kawo agogon Auta da bargonsa.

Muka je gaisuwa. Saje yana zaune a kan tabarma, bayansa a miƙe, yana amsa wa kowa da murya ɗaya. A waje mutane suna ƙus-ƙus cewa bakin Hedimasta ne ya kama yaron. Wasu da suka sha dariyar maganganunsa a bencin yanzu suka ce dama can mutumin bakinsa ba linzami.

Matar Hedimasta ta zo gidanmu, ta zauna a ɗakin Inna, ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata. Da Baba ya shigo ta ce, "Yaya, kai kaɗai Saje yake jin maganarka. Ka je ka roƙe shi. Na san maigidan ya yi kuskure, bakinsa ne haka, ni ma da shi nake fama. Amma in Saje ya buɗe baki, gawa za a ba ni."

Baba ya girgiza kai.

"Ba zan iya zuwa wurin mutumin da aka kawo wa bargon ɗansa in ce ina da buƙata ba," ya ce.

Ta tashi ta fita ba sallama. Inna ba ta yi wa Baba magana ba sai washegari.

Ranar zaman Saje ya aiko a kira ni in riƙe shi, gwiwar ta matsa masa. Na same shi ya fito da lambobin daga gwangwani ya jera a ƙirji. A hanya na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa matar Hedimasta.

Ɗakin kwamitin a saman bene yake. Mutum uku a bayan tebur, fanka a sama ba ta juyawa, hoton shugaban ƙasa ya ɗan karkace. Aka shigo da Hedimasta aka zaunar da shi a kujerar ƙarfe. Ya dubi Saje, ya ga lambobin, ya sunkuyar da kai. An riga an gaya masa labarin Auta.

Shugaban kwamitin, wani mai furfura da tabarau, ya fara da ta'aziyya. Ya ce ƙasa ba za ta manta da yaron ba. Saje ya ce ya gode.

"Kana zaune a bencin ranar?"

"Ina zaune."

"Faɗa mana abin da ka ji wannan mutumin ya ce."

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

Sufeto, wanda yake tsaye a gefe, ya matso. Shugaban ya cire tabarau.

"Kamar yaya ba ka ji ba?"

"Kunnen hagu. Igwa ta taɓa shi a yaƙin farko. Yana cikin takardar sallamata, ku aika a duba. Shi kuma a haguna yake zama."

Gaskiya ne yana cikin takardar. Amma na sha ganin ƙusa ta faɗo daga teburin Baba, Saje ya nuna inda ta gangara ba tare da ya juya ba.

"An ce shekara da shekaru kuna musu da shi," in ji shugaban. "Me kake amsa masa, in ba ka ji?"

"Na san abin da zai ce. Ba sai na ji ba."

Wani daga cikin mutum ukun ya rufe baki da hannu.

"To me ka san ya ce ranar?"

"Kun ce in faɗi abin da na ji. Abin da na sani nawa ne." Ya gyara tsayuwa a kan sandar. "Kuma ina roƙon ku sallame shi da wuri. Akwai amsar da zan ba shi, an tsayar da layi saboda ni. Mutane suna jira."

"Amsar me?" in ji Sufeto, muryarsa ta fara tashi. "Amsar maganar da ba ka ji ba?"

Sufeto a hagunsa yake tsaye. Saje ya ci gaba da kallon shugaban. Da shirun ya yi yawa sai ya juyo a hankali, ya kafa hannu a bayan kunne.

"Na'am?"

Ba wanda ya so a rubuta cewa ya matsa wa tsohon soja mai lambobi wanda bai gama karɓar gaisuwar ɗansa ba. Aka sallami Hedimasta da gargaɗi. Aka kuma ba da umarnin a ɗauke bencin daga bakin titi.

A matattakala Hedimasta ya tsaya yana haki, ya ce, "Saje, Allah ya jiƙan Auta."

"Amin," in ji Saje. "Ba a nan ba."

Leburori biyu suka zo da mota suka tafi da bencin. Umarnin bai ce komai a kan akwatunan batir ba, don haka Baba ya kife guda huɗu a cikin shago, ya jawo murhun daf da ƙofa. Sai da Hedimasta ya yi jinya kafin ya iya fitowa. Ranar da ya zo, da yamma, Saje yana zaune tun azahar. Tela ya rufe kekensa ya shigo. Hedimasta ya duba, ya zauna a hagun Saje.

Baba ya hura wuta, ya sa ƙarfe.

Saje bai ƙara gawayi ba. Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa.

"Ka ce don mutum biyu zai mutu," ya ce. "Zuwansa na ƙarshe ya ba ni labarin wani ƙauye da suka karɓo. Mutanen sun dawo da kaya a ka. Wata tsohuwa ta tarar an cire mata ƙofa, ta zauna a ƙasa. Shi da abokinsa suka nemo ƙofar a ramin da abokan gaba suka rufe da ita, suka ɗauko, suka kafa mata. Ya ce ta yi ta buɗewa tana rufewa. Ya ba ni labarin nan yana dariya. Ni ban san abin da manya suke nema ba, Hedimasta. Wataƙila hoton da ka faɗa za su ɗauka. Amma shi na san abin da ya kai shi. Kada ka ƙara cewa don mutum biyu ne."

Ya yi shiru. Ƙarfen bai yi ba tukuna. Sauran lokacin nasa ne, ba wanda ya taɓa shi. Muna jin gawayi yana ƙara, da motoci a titi. Tela ya buɗe baki, ya dubi Baba, ya rufe.

Baba ya ɗauko ƙarfen, ya kai kumatu. "Ya yi."

Ya liƙa wayar a nitse. Warin dalma ya cika shagon. Ya goge bakin ƙarfen da tsumma, ya mayar da shi wuta, ya dubi Hedimasta.

Hedimasta ya girgiza kai. "Na bayar. Ba ni da abin cewa."

"Ƙarya kake," in ji Saje.

"Saje, layinsa ne," in ji Baba.

"To ya yi mana! Na hau bene da gwiwar nan, na mayar da kaina kurma a gaban yara, don ka zo ka zauna kana tausaya mini? In tausayi nake so, gida ya cika da shi. Buɗe bakinka."

Hedimasta ya ciro maganin shaƙa, ya shaƙa, ya mayar aljihu. Ya dubi ƙofa. Titin ba kowa sai mai katifu yana kaɗe ƙura.

"Na janye maganar mutum biyu a kan Auta," ya ce. Muryar ta yi ƙasa, amma ita ce. "A kansa kaɗai. Sauran tana nan. Jiya na kunna rediyo, Mai Rediyo, an sake cin garin nan. Ni dai ina so a gaya mini, mutanen garin suna da lokacin yin shara kuwa tsakanin ci da ci? Kuma wanda ya cire wa tsohuwa ƙofa, shi ma wani ne ya koya masa riƙe fensir, shi ma an gaya masa..."

Ya ci gaba, numfashi yana yanke shi, yana kamawa. Saje ya saurara, muƙamuƙinsa yana motsi. Can sai ya ce yau akwai zafi. Ya cire hularsa ya shiga fifita, iskar tana tafiya kan murhu.

"Saje," in ji Baba, ko ɗago kai bai yi ba, "ajiye hular nan."